A Tace Ruwan Tafkin Lambu Tun Datti Bai Ruɓe Ba

'Yan'uwa manoma, a Maruta da sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sai wajen Mayu ko Yuni. Saboda haka ƙaramin tafkin da ƙungiya ta haƙa cikin lambu ba ƙaramar dukiya ba ce. Da shi ake ba tumatir da albasa ruwa, a ciki kuma ake kiwon kifi. Amma sau da yawa, tun Maris bai kama ba, sai ruwan ya yi baƙi, ya soma wari.

Me ke kawo haka? Kashin kifi ne, da ragowar dusar da aka zuba musu, da ganyaye, da ƙurar hunturu. Dukansu sukan nutse ƙasa su ruɓe. Ruɓewar nan tana cinye iskar cikin ruwa wadda kifi ke shaƙa, tana kuma fid da guba. Tarwaɗa tana da juriya, gama tana iya leƙowa ta shaƙi iskar waje. Karfasa ba haka take ba. In kun ga karfasa sun taru a saman ruwa da asuba suna buɗe baki, to, hasara ta yi kusa.

Magani shi ne a fid da dattin tun bai ruɓe ba. A sami ganga mai cin lita 200 wadda ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba. A jera duwatsu a gindinta, a bi da tsakuwa, sa'an nan yashi mai gwari wanda aka wanke sarai. A can bisa a shimfiɗa tsofaffin buhunan albasa, domin ragarsu tana kama ganye da ciyawa. A huda ganga kusa da gindi a sa bututu. Ruwan da inji ya jawo daga ƙasan tafki, inda datti ya fi taruwa, ya shiga ta bisa, ya fita ta bututu ya koma tafki. Kada a sa yashi mai laushi, nan da nan yakan toshe.

Ga inda muka fi ganin sakaci. Gangar da ba a wankewa ta zama juji ke nan, ruwa kuwa yana bi ta cikinsa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya mai wanke buhunan kullum, da yashin kowane mako. Aikin da aka bar wa kowa, mun lura, ba mai yinsa. Baƙin ruwan wankin kuma kada a zubar, taki ne mai kyau a gindin gwanda da ayaba.

Sai gargaɗi. A shekarar 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Tace ruwan sha da ƙyalle yana cikin abubuwan da suka kawar da shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasarmu ta rabu da cutar. Mun gode wa Ubangiji. Amma ganga ba ta kashe ƙwayoyin zawo, ko da ruwa ya fito garau. A bar shi ga kifi da shuka, na sha kuwa a ɗebo a burtsatse ko a tafasa. A kuma hana yara wanka a tafkin saboda tsargiya.