KAFIN KU SAYI MOTAR JAN AMALANKE, KU FARA AUNA KAYANKU

Zuwa ga iyayena da yayyena manoman auduga,

Ina rubuto muku wannan takarda daga Agontinkon, nan Kwatano, inda na sauka wajen 'yan'uwanmu na Zango. Abin da ya kawo ni shi ne rakiyar dattawan wata ƙungiyar manoma da suka zo sayen mota. Kwana tara muka yi muna zaga filayen motoci na Sekanji da Ekpe, a kan hanyar Porto-Novo. Abin da na koya a bakin direbobi da makanikai shi ne na ga ya kamata in shaida muku, don ni yaro ne, amma kunnena ya ji, idona kuma ya gani.

Auduga ta yi albarka a ƙasarmu. A kakar 2019 zuwa 2020 abin da aka auna a Benin duka ya wuce tan 700,000. Da kuɗi suka shigo, ƙungiyoyi da yawa daga Banikwara da Kandi da Jugu suka fara tunanin sayen a-kori-kura, wadda mu nan mu ke kira bashe, tare da amalanken ƙarfe da a ke ɗaura mata a baya. Tunani ne mai kyau. Babbar mota ba ta shiga kowane lungu. Ana bukatar abin da zai kwaso taki daga sito zuwa ƙauyuka, ya kuma kwaso auduga daga gonaki masu nisa zuwa wurin awo. Amma fa kuɗin nan gumin mutum hamsin ne ko sittin. In aka yi kuskure, ba mutum ɗaya zai yi kuka ba.

ABIN DA YA SAMI MAƘWABTANMU

Bara waccan wata ƙungiya a yankin da na ke aiki ta sayi mota fara fat, mai kyaun gani. Suka tambayi dillali, "Za ta iya jan buhu hamsin?" Ya ce ko sittin ne. Suka sa mai walda ya ƙera musu amalanke marar birki, ya liƙa ƙugiya a ƙarfen bayan motar. Ran da suka ɗauko taki, motar ta ja kaya sumul, kowa na murna. Da suka zo wani gangare bayan an ɗauke ruwa, sai ga shanu sun gitta. Direba ya taka birki, mota ta so tsayawa, amalanke ya ƙi. Ya turo ta daga baya, ya juya ta, suka kife a bakin rafi. Yaron mota ya karye a ƙafa, rabin takin ya narke a ruwa. Takin kuwa bashi ne, kun san yadda a ke yi, sai da aka cire kuɗinsa daga kuɗin audugar kowa da kowa.

Dillalin bai yi ƙarya ba, motar ta ja. To, abin da na ke so ku riƙe ke nan: ja ba wuya, tsayawa ita ce wuya. Saboda haka kada ku fara da zaɓen mota. Ku fara da auna kaya.

NA FARKO: KU SAN NAUYIN KAYANKU

Ku zauna tun a gida ku rubuta abin da za ku riƙa ɗauka. Buhun taki kilo 50 ne. Buhu 20 tan ɗaya ke nan. Taki ba shi da girma amma yana da nauyi, shi ya sa ya ke ruɗin ido. Za ku ga amalanke bai cika ba alhali ya riga ya wuce ƙima. Auduga kuwa akasin haka ce. Ba ta da nauyi sosai, amma tana cin wuri, a kan tula ta sama, iska ta riƙa kaɗa ta, in an sha kwana da gudu ta rinjayi amalanke.

Kada ku manta shi kansa amalanken yana da nasa nauyi. Ku ɗora shi a sikeli yana wofi, ku rubuta lambar a jikinsa da fenti.

NA BIYU: KU KARANTA FARANTIN MOTA

Kowace mota da aka ƙera don Turai tana da wani ɗan faranti ko takarda a manne, a jikin ginshiƙin ƙofa ko kusa da inji. A ƙarƙashin lambar shasi za ku ga lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da kayanta da mutanenta duka. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota da amalanke a haɗe. Biyun ƙarshe na aksul ɗin gaba ne da na baya. In takardun Faransa ne, ta farko ana kiranta PTAC, ta biyu PTRA.

Ga misali, don ku gane lissafin. A ce faranti ya nuna 2,900 da 5,400. Ku ɗebe ta farko daga ta biyu, saura 2,500. Watau amalanke da kayansa kada su wuce kilo 2,500. Amma masu ƙera mota a kan kwalta mai kyau suka gwada, mu kuwa hanyar gona za mu bi, motar kuma ba sabuwa ba ce. Don haka ku bar kashi ɗaya cikin biyar, ku tsaya a kan 2,000. In amalanken kansa kilo 600 ne, saura 1,400, watau buhu 28.

Sa'an nan a ce motar tana wofi kilo 1,900 ce. Daga 2,900 saura 1,000, shi ne abin da za ta ɗauka a kanta. Mutum biyar, kowa kilo 70, sun ci 350. Jarkar mai da jak da kayan gyara sun ci 100. Hancin amalanke da ke danne ƙugiya ya ci 150. Saura 400, buhu 8 kawai. Mota da amalanke buhu 36 ke nan, ba 60 ba.

Waɗannan lambobi misali ne. Kowace mota da nata. Irin su Toyota Hilux da Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 da Nissan Navara da Ford Ranger, abin da su ke iya ja ya kan kama daga wajen kilo 2,000 zuwa 3,500, gwargwadon inji da shekarar ƙira. Suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. In motar daga Amurka ta fito, ku lura, su da laba su ke awo, laba ɗaya kuwa ba ta kai rabin kilo ba. In an goge faranti ko an cire shi, ku bar motar ku wuce.

NA UKU: BIRKIN AMALANKE

Wannan shi ne babbar magana. Duk lissafin da muka yi a sama na amalanke mai birki ne. Wanda ba shi da birki, masu ƙera motocin nan ba su yarda ya wuce kilo 750 ba, shi da kayansa, kome ƙarfin motar. In amalanken kilo 350 ne, buhu 8 kaɗai ya halatta a ɗora masa. Ku tuna maƙwabtanmu buhu hamsin suka ɗora.

Birkin amalanke ba wani abin mamaki ba ne. In mota ta rage gudu, amalanke ya kan turo ta. Wannan turin shi ke danna wani ƙarfe a sandar ja, ƙarfen ya ja wayar birki, tayoyin amalanke su kama. Yana da tsada fiye da na walda, amma araha ba ta ado. In kuɗinku bai kai ba, ku sayi ƙarami marar birki, ku yi sawu uku maimakon ɗaya.

NA HUƊU: ƘUGIYA

A Turai da Amurka mutane su kan ja wani ɗan ɗaki mai taya a bayan motarsu in za su yawon hutu, su kwana a ciki. Shi ya sa za ku ga motoci da yawa a nan Kwatano sun zo da ƙugiya mai kan ƙwallo a baya. Wannan ƙugiya ta kamfani a jikin shasi a ke ɗaure ta da manyan kusoshi, kuma tana da nata ɗan faranti mai nuna iyakarta. Ita ku nema. Kada ku yarda da wadda aka liƙa da walda a ƙarfen baya, domin ƙarfen nan ba don ja aka yi shi ba. Ƙwallon Turai faɗinsa milimita 50 ne, na Amurka kuwa girmansa iri-iri, saboda haka ku gwada bakin amalanke ya hau shi daidai. Ku sa sarƙa mai kauri tsakanin su biyu ko da ƙugiya za ta kuɓuce.

Amma ku sani, motar da ta zo da ƙugiya mai yiwuwa ta daɗe tana ja a can. Ku sa makanike ya duba kulocinta da giyarta sosai.

NA BIYAR: IRIN INJI DA ƘAFA

Don jan kaya injin gas ya fi na fetur. Yana da ƙarfi tun yana tafiya a hankali, kuma bai kai shi shan mai ba. Sai dai sababbin injinan gas na Turai ba su jure gurɓataccen mai. In kun san man kwalba na bakin titi za ku riƙa zuba mata, kun sayi wahala.

In gonakinku na cikin fadama ko rairayi, ku nemi kat-kat, watau wadda ƙafafunta huɗu ke ja, mai ƙaramar giya ta fita daga taɓo. Mai ɗaki biyu tana ɗaukar mutum biyar amma bodinta gajere ne. Mai ɗaki ɗaya ta fi cin kaya. Ku zaɓi wadda aikinku ya ke so, ba wadda shugaban ƙungiya zai yi kyau a ciki ba.

Za a nuna muku manyan motocin Amurka irin su Ford F-150. Gaskiya ne sun fi ja. Amma yawancinsu fetur su ke sha kamar raƙumi ya sami rijiya. Kuma ku tambayi kanku, in ta lalace a watan Yuni, ana tsakiyar shuka, akwai kayan gyaranta a Kandi ko Faraku? Daga Kwatano zuwa Faraku ya fi kilomita 400, zuwa Kandi ya fi 600. Motar da makaniken garinku ya sani ita ce motarku.

NA SHIDA: DUBA KAFIN BIYA

Ba a cinikin biri a sama. Ku zo da makanikenku daga gida, kada ku ɗauki wanda dillali ya kawo. Ga abin da zai duba:

1. Shasi. Ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa da guduma, musamman wajen ƙafar baya. A Turai gishiri a ke watsa wa hanya lokacin sanyi, nan kuma ga iskar teku, duka biyu suna kawo tsatsa. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashi abin tuhuma ne.

2. Sifirin na baya. In sun miƙe sun kwanta, ko ɗaya ya karye, motar ta sha kaya.

3. Lagireto. Jan kaya yana sa inji zafi. In yana yoyo, ko ruwan ya haɗu da mai, ku bar ta.

4. Taya. Akwai lamba huɗu a gefenta. In kun ga 2319, watau an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ta kan fashe ko da zanenta bai cinye ba.

5. Sitiyari ya kasance a hagu, domin a dama mu ke tuƙi.

6. Takardu. Lambar shasi ta jikin mota ta yi daidai da ta takarda. Motoci da yawa a filayen nan masu wucewa ne zuwa wata ƙasa, ba a biya musu kuɗin duwan na zama a Benin ba. Ku tabbata kafin ku miƙa kuɗi. Ku je ofishin ANaTT ku tambayi takardun da amalanke mai nauyi ke bukata da irin lasin da ya kamaci direbanku. A rubuta motar da sunan ƙungiya, ba da sunan mutum ɗaya ba.

NA BAKWAI: LODI DA TUƘI

In za ku yi lodi, ku sa kaya masu nauyi a ƙasa, kashi shida cikin goma a gaban aksul ɗin amalanke, huɗu a bayansa. In baya ya fi nauyi, hanci ya kan ɗaga, amalanke ya riƙa lilo kamar wutsiyar kifi. In ya fara haka, direba ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari sosai, kada ya taka birki da ƙarfi. A gangare ya sa ƙaramar giya tun daga sama. Ya bar rata mai yawa tsakaninsa da na gaba. Fitilun amalanke su yi aiki. Kada a ɗauki mutum ko ɗaya a cikin amalanke, ko ran kasuwa, ko ran biki. Sauri ya haifi nawa.

Dattawan da na rako sun so wata ja mai ƙyalli. Da muka karanta farantinta muka yi lissafi, sai muka ga ba ta kai ba. Muka ɗauki wata tsohuwa marar ado, mai injin gas da shasi lafiyayye, ragowar kuɗin muka sa a amalanke mai birki. Jibi in Allah ya kai mu za mu kama hanyar arewa.

Wanda lissafin nan ya shige masa duhu, ya kwafo lambobin faranti a takarda ya kawo wa malamin gona na yankinsa, mu yi tare. Aikinmu ke nan, ba a biya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.

Naku,
Malamin Gona