Kwanson Harsashi Da Sirrin Saiti

A shekarar 1973 wani Ba'amurke mai suna Mac McMillan ya harba harsasai biyar daga nisan yadi 100, suka bi kusan rami ɗaya. Da alƙalan gasa suka auna, tazarar da ke tsakanin biyun da suka fi nisa da juna inci 0.009 ce kacal. Sai da aka shekara 40 kafin Mike Stinnett ya karya wannan tarihi a jihar Texas a 2013, da inci 0.0077, wato abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Irin wannan gasa, a kan teburi ake ɗora bindigar, a tokare ta da jakunkunan yashi, domin a cire rawar hannun ɗan Adam daga lissafi. Abin da ya rage shi ne ingancin bindiga da harsashi da iya karanta iska. Kusan duk masu shiga gasar da hannunsu suke haɗa harsasansu, abin da doka ta halatta a Amurka. A nan Najeriya Dokar Makamai ba ta ba kowa wannan damar ba, aiki ne na ma'aikatu irin su DICON ta Kaduna. Abin da ya ja ni ga batun, a matsayina na mai koyar da ilimin ƙarafa, shi ne wannan ɗan kwanson tagulla da sauran jama'a ke ɗauka shara ce bayan an yi harbi.

Kwanso ya wuce mazubin albarushi. Tagullarsa haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma an zaɓi wannan haɗin ne saboda yana miƙewa ba tare da ya yage ba. Idan wuta ta tashi a ciki, matsin iska a harsashi irin .308 Winchester kan kai fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i. A wannan ƙiftawar ido kwanson zai kumbura ya manne da bangon mazauninsa, ya toshe wa hayaƙi hanyar komawa fuskar maharbi, sannan ya ɗan tsuke domin a iya zare shi. Gindinsa dole ya yi tauri, wuyansa kuwa ya yi laushi. Ƙarfe guda, hali biyu.

Daga nan ne zaɓin tagulla ke shigowa. Kwansuna biyu na iya zama daidai ta waje, amma ɗaya ya fi kaurin bango, don haka cikinsa ya fi ƙunci. Albarushi ma'auni ɗaya a ɗaki mai ƙunci yakan ba da matsi mafi girma, gudun harsashi ya sauya. A yadi 100 da wuya ido ya ga bambancin, amma a yadi 1,000 harsashin da ya fi sanyin gudu ƙasa zai faɗa. Kwansunan soja na 7.62 sun shahara da kauri, shi ya sa wanda ya cakuɗa su da na kasuwa yake wasa da saitinsa, har ma da idonsa. Maharban gasa sukan sayi kwansuna na kamfani ɗaya, daga zubi ɗaya, su riƙe su tare har su mutu tare. Da yawansu Lapua ta ƙasar Finlan suke nema, duk da tsadarta. Akwai abin mamaki a nan: harsashin 6 PPC da Lou Palmisano da Ferris Pindell suka ƙirƙira a tsakiyar shekarun 1970, wanda ya mamaye gasar gajeren zango, daga kwanson .220 Russian aka samo shi, shi kuma ɗa ne ga 7.62x39, harsashin AK-47 da muka sani a ƙasar nan fiye da yadda muke so. Jikan bindigar da ba a san ta da saiti ba ne ya zama sarkin saiti.

Wurin da hankalina ya fi tsayawa shi ne wuyan kwanso, domin shi ke riƙe da kan harsashi. Idan gefe ɗaya na wuyan ya fi kauri, harsashin zai zauna a karkace, ya shiga bututu a karkace. Idan kuma wani wuyan ya matse sosai wani ya saki, ba za su sake harsashi a lokaci ɗaya ba. Bambancin da ake magana a kai bai wuce inci 0.001 ko 0.002 ba, wato bai fi kaurin silin gashi ba. Tagulla kuma tana da wata ɗabi'a da kowane maƙerin Bida ya sani: gwargwadon yadda aka lanƙwasa ta ko aka daka, gwargwadon yadda take ƙara tauri, har ta tsage. Maganin maƙeri shi ne ya mayar da ita wuta ta yi laushi. Haka maharba ke gasa wuyan kwanso, amma wuyan kawai, domin gindin da ya yi laushi ba zai iya riƙe matsi ba. Kowane harbi kuma yana ɗan jan kwanson, ya ƙara tsawo, bangonsa ya sirance kusa da gindi. Wanda ya yi rowa ya ci gaba da amfani da shi, wata rana gindin zai rabu da jiki a cikin bindiga.

Tagulla tana da abokin gaba ko a ajiye take. Sojojin Birtaniya a Indiya sun daɗe suna tarar da kwansunan harsasansu a tsattsage bayan damina, har suka ɗora wa yanayi laifi. A 1921 ne masana suka bayyana cewa amoniyar da ke tashi daga fitsarin dawaki a bargar da ake ajiye harsasan ita ke haɗuwa da takurar da ta rage a jikin ƙarfe tun daga ƙira, ta tsaga shi. Har gobe da wannan misali muke koyar da ɗalibai tsagewar ƙarfe.

Sai dai ban yarda da duk abin da ma'abota wannan sha'awa ke yi ba. Akwai masu auna nauyin kowane kwanso su jera su aji-aji, alhali nauyi ba lallai ya nuna faɗin ciki ba, tun da ƙarin tagullar na iya zama a bakin gindi, inda bai taɓa ɗakin albarushi ba. Akwai masu goge ɗan ramin da wuta ke bi daga ƙyastu zuwa albarushi, su harba biyar, su ga sun haɗu, su ce an gano gaskiya. Ɗalibin da ya kawo mini gwaji biyar ya kafa hujja a kansu, ɗakin gwaji zan mayar da shi. Harbi biyar daga bindiga ɗaya da harsashi iri ɗaya na iya haɗuwa yau su watse gobe ba tare da an sauya komai ba. A ganina tagulla mai kyau daga zubi ɗaya, da wuya mai riƙo iri ɗaya, da tsawo daidai, su ke ɗauke da mafi yawan amfanin. Sauran ɗawainiyar na iya ƙara wa McMillan ko Stinnett wani abu, tun da su a kan kashi ɗaya cikin dubu na inci suke takara. Mafarauci kuwa da ke neman barewa a dazukan Montana daga yadi 200, iskar da ke kaɗawa a kwarin za ta kautar da harsashinsa fiye da duk abin da ramin wuta zai gyara.