Kumfar Kashe Gobara da Ƙananan Halittun Ƙasa

Kowane manomi a ƙasar Kazaure ya sani in aka zuba taki ko karmami a gona, kafin damina ta ƙare sun zama ƙasa. Masu wannan aiki su ne waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sabo da haka muka saba ɗauka ba abin da ƙasa ba ta cinyewa. To, akwai abin da ya kusa gagararta.

Wutar fetur ba ta jin ruwa, gama man bisa ruwan ya kan taso ya ci gaba da ci. Mun ga irin ɓarnarta a Majiya cikin 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Domin irin wannan wuta ne sojan ruwan Amurka da kamfanin 3M suka ƙago wata kumfa bayan 1960, wadda ke shimfiɗuwa bisa mai ta hana shi iska. Ta ceci rayuka da yawa, musamman a filayen jirgin sama.

Amma cikin kumfan nan akwai sinadaran da ake kira PFAS. An gina su da kabon da fulorin, haɗin biyun nan kuwa yana cikin mafi ƙarfi da masana suka sani. In kumfa ta nutse, halittun ƙasa su kan cinye sassan da ba fulorin, su bar sauran, watau irin su PFOS da PFOA. Waɗannan su kan bi ruwa su shiga rijiya, su taru a jinin mutum shekara da shekaru. Cikin 2023 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta lissafa PFOA cikin masu haddasa ciwon.

Cikin 2019 masana biyu na Jami'ar Firinsiton, Shan Huang da Peter Jaffé, suka ba da labarin wata ƙwayar halitta, Acidimicrobium A6, da aka samo a wata fadama a Amurka. Abincinta amoniya ne, tana kuma aiki da tsatsar ƙarfe a ƙasa mai tsami inda iska ba ta shiga. A ɗakin gwaji ta rage kamar kashi 60 cikin 100 na sinadaran cikin kwana 100, ta ɓalle fulorin daga kabon. Lalle wannan abin murna ne, amma kwalbar gwaji dabam, gona dabam.

Mu a nan galibin ƙasarmu rairayi ce, ruwa ba ya daɗewa bisanta. Abin da aka zubar a bakin hanyar Kano zuwa Daura yana iya isa rijiya ko fadamun kogin Gari tun halittun ba su yi kome da shi ba.

Nijeriya tana cikin Yarjejeniyar Sitokholam, wadda ta taƙaita amfani da PFOS tun 2009, kumfa marar fulorin kuwa ta samu. Muna roƙon ma'aikatan da ke sayen kayan 'yan kwana-kwana su riƙa tambayar abin da ke cikin kowace ganga. In an kashe gobara da kumfa, a tare ruwan da ƙasa kada ya gangara kwata, kada kuma a shayar da dabba ko lambu da shi. Malamai su koya wa yara wannan, gama rigakafi ya fi magani.