Jodan: Matatar Ruwan Najasa Mai Samar Wa Kanta Lantarki

Ran kowace matatar ruwan najasa yana hannun wutar lantarki ne. Da zarar wuta ta ɗauke, sai famfuna su tsaya, injinan hura iska cikin tankuna su yi shiru, ƙazanta kuma ta malala cikin rafuka ba a tace ba.

Wannan haɗari ne ƙasar Jodan ta yi wa shiri a matatar As-Samra da ke kusa da birnin Zarƙa. Jodan ƙasa ce mai fama da ƙarancin ruwa, wadda kuma ke sayo akasarin makamashinta daga waje. A shekarar 2011, lokacin da aka yi ta fasa bututun gas ɗin da ke zuwa mata daga Masar, tilas ta koma ga man dizal mai tsada domin samar da lantarki.

Matatar, wadda aka kammala a 2008, tana karɓar najasar biranen Amman da Zarƙa. Bayan faɗaɗa ta a 2015, ta kai ga iya tace ruwa kubik mita 365,000 a kowace rana, ta kuma samar wa kanta kimanin kashi 80 cikin 100 na wutar da take buƙata.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, da yake Amman na kan tudu, ruwan da ke gangarowa ta bututu yana juya injinan samar da lantarki kafin ya shiga matatar, haka kuma idan zai fita. Ta biyu, ana tara laka a manyan tankuna rufaffu, inda take ruɓewa ta fitar da gas, wanda ake ƙonawa a janareto.

Ruwan da aka tace yana zuba a madatsar Sarki Talal, daga nan manoman Kwarin Jodan suke ban-ruwa da shi.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne yadda aka haɗa jarin. Gwamnati ta ba wasu kamfanoni, ciki har da Suez na Faransa, kwangilar ginawa da tafiyar da matatar na tsawon shekara 25, tare da tallafin Amurka da rancen bankuna. Tunda kuɗin wuta na cikin manyan ɗawainiyar irin wannan aiki, duk lantarkin da kamfanin ya samar daga najasa, ragi ne a kan abin da zai kashe.