Sayen Wayar Salula ga Mai Ƙaura Zuwa Wata Ƙasa

Gabatarwa

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A da, guzurin mai tafiya wata ƙasa bai wuce fasfo da kuɗi da tufafi ba. A yau kuwa wayar salula ta shiga sahun gaba, domin da ita zai sanar da gida ya sauka lafiya, da ita zai nemi masauki, ta cikinta kuma banki zai tabbatar shi ne mai asusu. Saboda haka ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Alƙahira ko Istanbul ko Landan, da ma'aikacin da aiki ya kai shi Amurka, duk tambaya ɗaya ke gabansu: a sayi waya a gida kafin tashi, ko kuwa a bari sai an isa? Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa farashi kaɗai ba ya warware wannan tambaya. Kafin waya ta yi aiki a baƙuwar ƙasa sai ta shige ƙofofi uku, watau ƙofar zango da ƙofar kamfani da ƙofar hukuma.

Ƙofar Zango

Wayar salula ƙaramar rediyo ce mai aikawa da karɓa. Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo yana neman tasha a gajeren zango ya san cewa akwatin da ba shi da mitar da ake watsa shiri a kai ba zai kama komai ba. Haka abin yake ga waya. Tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, yana amfani da zangon megahaz 900 da 1800, kamar yadda ake yi a Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka da Asiya. Amurka da Kanada kuwa 850 da 1900 suka ɗauka. Da aka zo tsarin 4G sai bambancin ya ƙaru, domin an rarraba zangunan da lambobi: a Nijeriya da Turai an fi cin karo da lamba 3 da 7 da 20, a Amurka kuwa da 2 da 4 da 12 da 13 da 66. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da aka ƙera musamman don kasuwar Afirka sau da yawa ba su ɗauke da zangunan Amurka gaba ɗaya.

Daɗin daɗawa, wasu ƙasashe sun rufe tsofaffin tsare-tsarensu. A Amurka kamfanin AT&T ya kashe 3G a watan Fabrairu na 2022, Verizon ya bi sahu a ƙarshen shekarar. Ostareliya ta kammala nata a 2024. A irin waɗannan wurare kira yana bi ta kan 4G ne, ta hanyar da ake kira VoLTE, kuma wayar da kamfanin bai amince da ita a kan wannan hanya ba tana iya buɗe intanet amma ta kasa kira.

Ƙofar Kamfani

A kasuwannin waya irin na Farm Centre da ke Kano, mutum kan biya kuɗi lakadan ya sa layin da ya ga dama. A Amurka kuwa akasarin mutane kan karɓi waya daga kamfanin sadarwa su riƙa biya wata-wata, kamfanin kuma ya kulle ta, ba za ta karɓi layin kowa ba sai an cika sharuɗɗansa. Kanada ta hana sayar da kullalliyar waya tun Disamba 2017, Birtaniya ta yi haka a Disamba 2021. Araha ba ta ado: baƙon da ya ga waya mai tsada ana ba da ita da ɗan abin kafin alƙalami, ya kamata ya san cewa ya ɗaure kansa da biya na shekara biyu ko uku, kuma idan ya zo gida hutu layinsa na gida ba lalle ne ya shiga ba.

Har ila yau akwai batun katin sim. Tun daga iPhone 14 na shekarar 2022, wayoyin Apple da ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sa kati sam, sai layin da ake saukarwa cikin wayar, wanda ake kira eSIM. Wanda ya sayi irin wannan ba shi da inda zai zura tsohon katinsa.

Ƙofar Hukuma

Wannan ita ce ƙofar da ta fi kama baƙi ba shiri. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15, watau IMEI, wadda kan bayyana idan aka danna *#06#. Da wannan lamba wasu gwamnatoci ke gane wayar da ta shigo ba a biya mata haraji ba. A Turkiyya, wayar da aka shigo da ita daga waje aka sa mata layin ƙasar tana aiki kwana 120 ne kawai, daga nan sai a toshe ta, sai fa idan an yi mata rajista da fasfon mai ita. Kuɗin rajistar ya kai lira 31,692 a 2024, ya hau zuwa lira 45,614 a 2025, abin da ya zarce kuɗin sabuwar waya matsakaiciya. Masar ma ta ɓullo da tsari makamancin wannan a Janairun 2025, inda ta ba da wa'adin kwana 90 kafin a biya kuɗin kwastan ko a yanke wa wayar sabis. Ke nan ɗalibin da iyayensa suka yi ɗawainiyar saya masa babbar waya a gida yana iya wayar gari, tun zangon karatu na farko bai ƙare ba, ya tarar ba ta kira ba ta amsawa.

Layin Gida

Ko da an yanke shawarar sayen sabuwa a can, bai kamata a yar da tsohuwa ba. Dalili kuwa shi ne layin gida yana haɗe da lambar BVN ta banki, kuma tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Ta wannan layi ne banki ke aiko da lambar sirri duk sa'ad da za a fitar da kuɗi. Layin da aka daɗe ba a mora ba kamfani kan janye shi ya sayar wa wani, saƙonnin bankin kuma su koma hannun wanda ba a sani ba. Don haka ya kyautu a buɗe wa layin damar aiki a ƙetare kafin tashi, a kuma riƙa sa masa kati lokaci-lokaci.

Batun caja bai kai waɗannan nauyi ba. Cajojin zamani suna karɓar lantarki daga bolt 100 zuwa 240, bambancin kawai a ƙafafu yake: uku masu kusurwa a Nijeriya da Gana da Ingila, biyu zagayayyu a Nijar da Faransa da Turkiyya, biyu masu faɗi a Amurka. Ɗan mahaɗi mai araha ya wadatar.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙasar da aka nufa ita ke da ta cewa. Mai zuwa Ingila ko Faransa zai iya tafiya da wayarsa ta gida muddin ba kullalliya ba ce, domin zangunan sun yi daidai. Mai zuwa Amurka ko Kanada ya duba lambobin zangon wayarsa tukuna, ya kuma tambayi kamfanin da zai shiga ko ya amince da ita. Mai daɗewa a Turkiyya ko Masar kuwa, ya fi masa sauƙi ya riƙe kuɗinsa ya saya a can, ya bar ta gida don layin gida. Da yake dokokin kan sauya daga shekara zuwa shekara, mafi alheri shi ne a tuntuɓi waɗanda suka riga isa kafin a cire ko sisi. Matambayi dai ba ya ɓata.