Gugar Bututun Bindiga Da Harsashi: Shin Tana Gyara Saiti Ko Cinye Ƙarfe Take Yi?

A Amurka, inda farauta da gasar harbi suka zama wasannin da miliyoyin mutane ke kashe wa kuɗi, akwai wata dabara da masu bindigar raifal suka daɗe suna jayayya a kanta. Ana shafa wa harsasai garin guga mai kaifi, sannan a harba su ɗaya bayan ɗaya domin su goge cikin bututun bindigar. Masu yin haka na cewa bututun zai rage tara datti, saiti kuma zai ƙaru. Masu suka kuwa na cewa mutum ne ke tsufar da bindigarsa da hannunsa.

Ba kamar bindigar toka ta mafarautan gargajiya ba, wadda cikin bututunta sumul yake, bututun raifal na da tsage-tsage a murɗe. Su ne ke sa harsashi juyawa kamar katantanwa, ya tafi a miƙe. Sai dai injinan da ke huda ƙarfen da kuma tsaga shi a masana'anta kan bar ƙananan karce da ido ba ya gani, kuma da yawansu a gicciye suke da hanyar da harsashi ke bi.

A nan dattin ke samo asali. Yawancin harsasan zamani dalma ce a ciki, aka lulluɓe ta da ɓawon jan ƙarfe. Harsashin da ke gudun sama da mita 800 a daƙiƙa ɗaya idan ya bi ta kan wannan kaushi, sai ɓawon ya karce ya bar jan ƙarfe a manne. Harbi na gaba ya ƙara nasa a kai. Bayan wani lokaci sai harsasai su fara warwatsuwa a kan allon saiti, mai bindiga kuma ya shafe sa'o'i yana wanki da magani.

Kamfanonin da ke ƙera bututun gasa mai tsada da hannu suke magance matsalar tun kafin su sayar. Ana narka dalma a zuba a bututun ta ɗauki siffarsa, a shafa mata garin guga, ma'aikaci ya riƙa tura ta gaba da baya yana jin inda ta cije. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa bindigogin kasuwa na gama-gari ba kasafai suke samunsa ba. Gugar harbi hanyar mai ƙaramin ƙarfi ce ta kusantar wannan aiki. Kamfanin Wheeler na sayar da garin guga mai lamba 220 da 320 da 600, daga mai kaushi zuwa mai laushi, tamkar yadda kafinta ke sauya takardar yashi a kan katako. David Tubb, wanda ya lashe gasar harbin raifal ta ƙasa a Camp Perry da ke jihar Ohio har sau 11, yana sayar da harsasai 50 da aka riga aka shafe, aji biyar, da sunan Final Finish.

A kan batun datti, hujjar masu dabarar na da ƙarfi. Idan kaushi ne ke tatsar jan ƙarfe, goge kaushin zai rage shi, kuma wannan ita ce ribar da masu gwadawa suka fi ambata: wanki ya yi sauƙi, bindiga kuma ta yi harbi da yawa kafin saitinta ya fara lalacewa.

Batun saiti kuwa ya fi sarƙaƙiya. Akwai bututun da ke da wuri mai matsi a tsakiyarsa. Harsashi idan ya ratsa ta nan sai ya tsuke, ya ƙarasa sauran tafiyar yana sako-sako. Guga na iya buɗe irin wannan wuri, kuma tun da garin ya fi ci a farkon tafiya, bututun kan ƙare da ɗan tsukewa wajen baki, abin da maharba ke so. Irin wannan bindiga za ta iya gyaruwa sosai. Amma rashin saiti na da dalilai da yawa da guga ba ta taɓa su: bakin bututu da ya sami tabo, kunama mai tauri, ƙarfen da bai zauna daidai a kan ƙotarsa ba, harsasai marasa inganci, ko kuma shi kansa maharbin. Da yawa daga cikin labaran nasara an gina su ne a kan harbi uku ko biyar kafin guga da bayanta, wanda bai isa a yanke hukunci ba.

Haɗarin yana wurin da maharba ke kira maƙogwaro, wato inda tsage-tsagen suka fara, daidai gaban ɗakin harsashi. Nan ne wutar albarushi ke fara cinyewa ko da ba a yi guga ba, kuma lalacewarsa ce ke kawo ƙarshen rayuwar bututu bayan harbi 'yan dubbai. Harsashin guga nan yake fara cizo, lokacin da garinsa ya fi kaifi. Don haka maƙogwaron kan matsa gaba, tazarar da harsashi zai yi tsalle kafin ya kama tsaga ta ƙaru, wasu harsasan kuma ba sa jure hakan. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Idan aka wuce gona da iri, sai dai a sayi sabon bututu a biya maƙeri ya ɗaura.

Wannan ne ya sa maƙeran bindiga kan ba da shawarar a fara leƙa cikin bututun da siririyar kyamarar da aka yi domin haka. Idan an ga kaushi, kuma bindigar mai araha ce da ta riga ta gaji mai ita da wanki, abin da za a yi asara kaɗan ne. Idan kuwa bututun gasa ne da aka goge da hannu, ko bindiga ce da ke harbi daidai, gugar ba ta da abin da za ta gyara sai rage mata kwana.