Masu Fatsa a Kogin Saskwahana Idan Sanyi Ya Kawo Jiki

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu jihar Pensilbaniya ta Amurka, bakin kogin Saskwahana, a watan Nuwamba, lokacin da itatuwa suka gama zubar da ganye, yawancin masunta kuma suka naɗe kayansu sai baɗi. Masu naci ne kawai ke saura.

Abin da suke nema shi ne kifin bas mai ƙaramin baki, mai launin tagulla, wanda in ya kai kilo 2 an yi babban kamu. Da zarar ɗumin ruwa ya sauko wajen digiri 10, sai ya bar tsakanin duwatsu inda ruwa ke gudu, ya gangara gurbi mai zurfi, ya kwanta tare da 'yan'uwansa. Jikinsa ya yi sanyi, ba ya bin abinci da gudu.

To, a nan ake gane gwani. Zai ɗaura koto na roba mai siffar jatan lande, da ɗan dalma a kansa, ya jefa, ya bar shi ya nutse har ƙasa. Ya ja kaɗan. Ya tsaya. Ya sake ja kaɗan. Kifin ma ba ya fizga, nauyi kawai za ka ji a zaren, kamar jiƙaƙƙen ganye ya maƙale a ƙugiya. Ga yatsu sun ƙage da sanyi. Ruwan kansa ba abin wasa ba ne, shi ya sa dokar jihar ta wajabta wa masu ƙananan kwale-kwale sanya rigar ceto daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu.

Jama'a, kifin da aka sha wannan wahala a kansa, sakinsa ake yi. A 2005 cuta ta yi wa 'ya'yan bas ɓarna a wannan kogi, daga 2011 kuma hukumar kula da kifi ta jihar ta hana tafiya da shi gida a sashen tsakiya da sashen ƙasa na kogin. Ni dai ina bayan wannan doka ɗari bisa ɗari, domin a lokacin sanyi manyan kifaye masu hayayyafa a gurbi ɗaya suke taruwa, wanda ya gano wurin kuwa yana iya kwashe su a yini guda. Don haka mai fatsa zai jiƙa hannunsa kafin ya taɓa kifin, ya zare ƙugiya da sauri, ya mayar da shi ruwa tun bai galabaita ba.